Babban Yatsa

Kai babban yatsana na dama,
yau da kai nake magana.
Shekara talatin kana danne bakin yadi a Kasuwar Barci
kada ya kauce wa allura,
ban taɓa kama ka da ƙarya ba
sai ranar da aka shafa maka tawada.

Laraba ce, an yi ruwa da hantsi.
Tanimu ya zo da wani mai jaka,
wai bashin babur zai ci,
shaida kawai ake nema.
Takarda shafi uku,
Turanci cunkus kamar tururuwa a kan sukari.
Na ce, me ta ce?
Suka ce ba ta ce komai ba, ƙa'ida ce.
Ka sauka a kanta shuɗi,
na goge ka a gefen wando.

Tanimu ya hau jirgi a Rigasa, ko sallama.
Wata huɗu sai ga mai jaka da ƙarti biyu,
suka ɗaga keken ɗinkina
da rigar wani a ƙarƙashin allura.
Na ce, ina za ku da abincina?
Ya buɗe shafi na uku, ya nuna min kai.
Wa zai yi musu da yatsansa?

Na haɗiye.
A wurin irinmu kotu kogin Kaduna ce da damina,
daga kan gada ake kallon ta.
Lauya kuwa, na ɗauka
ko amsa gaisuwarsa da farashi.

Uwani ce ta ja ni, autata,
wata Asabar, zuwa firamaren Tudun Nufawa.
Muka zauna a bencin yara, gwiwa har haɓa:
ni, da mai shayin da ɗansa ya kwana tara a caji ofis,
da wata da mai gida ya cire wa ƙofa
saboda hayar wata biyu.
Barista Saraya Bako ta shigo,
ba baƙar riga, ba farin gashin nan,
alli ne kawai a hannunta.

Ta ce beli ba haja ba ne, ba a cinikinsa.
Mai shayi ya yi wata dariya mai ɗaci.
Ta ce kada ka sa hannu
sai an karanta maka da harshen da kake mafarki da shi,
kuma kada ka tashi ba kwafinka a aljihu.
Ta rubuta a allo inda lauya ke tsaya wa marar hali,
ba ko sisi.
Uwani ta kwafe a bayan rasit ɗin wuta.

Sannan ta karɓi hoton takardata,
ta karanta da Hausa, a hankali, layi bayan layi.
Ranar na fara jin abin da na faɗa.
Ashe ba shaida na yi ba,
wuyana na miƙa.
Ta ce, Baba, ko bashin ya hau kanka,
mai bin bashi ba ya zama alƙalin kansa.

An ɗage zama sau biyu.
Keken bai dawo ba tukuna, na haya nake takawa.
Amma na tsaya gaban alƙali
ƙafata ba ta ci amanata ba,
ya tambaye ni, na amsa, aka rubuta.
Ashe kogin yana da mashiga.

Jiya na ga Gambo mai guga
ana miƙa masa tawada a bakin shago.
Ban san lokacin da na cafke hannunsa ba.
Na ce, a karanta tukuna.
Mai takardar ya ce sauri yake.
Na ce, mu ba ma yi.

Kai kuma, yatsana, na yafe maka.
Ba kai ka yi ƙarya ba, makaho aka ja.
Amma daga yau zamanka cikin dunƙulen hannu,
ba ka fita
sai kunne ya ƙoshi.