Buhun Kwana

Bara a Bermo sanyi ya koya mini lissafi:
bargo biyu, tabarma ɗaya, haƙora talatin da biyu
suna kaɗa wa juna kalangu har asuba.
Da gari ya waye na kasa riƙe allura,
saniya ta waiwayo, ta san hannun nan ba nawa ba ne.
Na ce in Allah ya kai mu baɗi, ba za a sake ba.

Ga baɗi ta zama bana. Jibi motarmu za ta tashi,
kwana arba'in a daji, garke bayan garke.
Shi ya sa na shigo babbar kasuwa da hantsi,
na wuce masu ƙuli-ƙuli, na wuce masu buta,
na tsaya layin gwanjo, rumfar Arzika,
inda ake farke dila kamar ana feɗe rago.

Ya ce, "Likitan shanu, ga irin naku,"
ya zube buhunan kwana uku a gabana.

Na fari ja ne, yana sheƙi kamar ledar alewa.
Na murza shi a yatsu, ya yi mini ƙara,
ƙarar abin da ba kome a cikinsa.
Na ɗaga shi sama, rana ta leƙo ta gaishe ni.
Abin da rana ta ratsa,
sanyin asuba ba zai tsaya sallama ba.

Na biyu gashin tsuntsu ne, wai agwagwar ƙasar ƙanƙara,
ba nauyi, sai ka ce numfashi ka ɗauka.
Raina ya biya. Sai na tuna raɓar Gadabeji:
kaza in ta jiƙe, kowa ya san kamarta.
Ga ƙaya kuma, ga ƙarangiya.
Huda ɗaya, in tashi da safe kamar an fige ni.

Na uku ba ya da kyan gani.
Kore ne da ya gaji da zama kore,
da faci wajen ƙafa, ɗinkin hannu, baƙin zare,
da wani suna a wuya wanda wanki ya cinye rabi.
Na ja zif sama, na ja ƙasa, har sau bakwai,
bai cije ba, bai yi gardama ba.
Na bi ɗinkin da farce kamar mai duba haƙoran bijimi.
Na sunsuna: ba fumfuna,
sai ɗan hayaƙin wata wuta da ban ji ɗuminta ba.

Na tuɓe takalma na shige ciki,
nan tsakar rumfa, na ja igiyar hular har hanci.
Yara suka taru. Wata mai fura ta dafe ƙirji:
"Bawan Allah, da ranka ka shiga likkafani?"
Na ce, "Inna, awo nake, kada ƙafa ta kwana waje."
Kafin in ƙirga hamsin gumi ya karyo mini.
A zuci na ce shi ne. A fuska na ɓata rai.

Arzika ya ce jikka goma sha biyu.
Na ce facin fa?
Ya ce, "Facin ne shaida.
Wanda ya ɗinke shi bai so rabuwa da shi ba."
Muka ja, muka saki, muka tsaya a takwas da rabi,
ya ƙara mini igiyar ɗauri.

Yanzu yana shanye bisa katangarmu a Bagalam,
ɗiyata Tsahara tana jira a sauke ta shiga.
Ni kuwa mai rabin sunan nan nake tunani:
gindin wane dutse ya kwana, a wane dare ya yi facin,
ko ya san jibi warhaka, arewa da Dakoro,
wani zai kwanta cikin ɗumin da ya bari,
akwatin allura a matashi,
shanu suna tuƙa cikin duhu.