Dangwale

Rubuta, Hansai. Ni zan faɗa, ke ki rubuta.
Kar ki gyara mini magana, bar ta yadda ta fita.

Ki sa cewa ni ne Haladu na Unguwar Kuka,
gabas da Gumel, inda rairayi ke haɗiye takalmi.
Na san hadarin da zai zuba da wanda iska za ta kora.
In na damƙi ƙasa na shinshina
na san ko riɗi take so ko gero.
Amma baƙin nan da ke kan farar takarda
a idona sawun tururuwa ne kawai.

Ranar Alhamis na kai buhu tara Maigatari.
Mai sikeli ya ɗora, allura ta yi rawa ta tsaya.
Ya dubi lamba, ni na dubi fuskarsa,
don fuska ce kaɗai karatun da na iya.
Ya ce saba'in, na ce to.
Buhun da ya kusa karya bayan jakina,
a bakin mutumin nan ya rame.

Sai bashin taki.
Suka zo da mota da ɗan gwangwanin shuɗiyar tawada.
Wani yaro mai tabarau ya kama babban yatsana
kamar mai tsallakar da makaho titi,
ya danna nan, ya danna can.
Buhu biyu na karɓa.
Da kaka takarda ta ce huɗu,
ga yatsana a ƙasa yana ba da shaida a kaina.
Yatsan da muka yi shekara hamsin muna cin tuwo tare!
Maraƙin da na sayar na biya, ki sa sunansa,
Ɗan Fari.

Ki sa na Inuwa maƙwabci.
Ɗansa na Fatakwal ya turo kuɗin rufin ɗaki.
Ya miƙa kati ga mai cirar kuɗi a tasha,
ya faɗi lambar sirri da ƙarfi, kamar mai cigiya.
Aka ƙirga masa abin da aka ga dama.
Har yau in an yi ruwa, kwano yake tarawa.

Na mahaifiyarki kuwa...
Tsaya, miƙo mini butar nan.
Cokali ɗaya sau uku aka rubuta a kwalba,
ta ba Sabi'u uku a tashi ɗaya, don ya yi saurin warkewa.
Kwana tara muka yi a asibiti, akuya biyu suka tafi.
Yaro ya tashi, da sauran shan ruwansa,
amma ita har gobe hannunta na rawa in ta ga kwalba.

Allon nan na bakin hanya fa?
Shekara uku muna ɗaure awaki a ƙafarsa,
muna shan inuwarsa in muna jiran mota,
sai da kika kai aji huɗu kika karanta mana:
wai an kammala rijiyar burtsatse, an damƙa wa jama'a.
Muka dubi juna.
Muka dubi yaran da ke dawowa daga tafki da jarkoki.
Dagaci ya yi tari, ya gyara rawani.

Ni ne na ce zamanki a aji asarar hannu ɗaya ce a gona.
Wannan ma ki rubuta, kar ki rufa mini asiri.

To, nuna mini inda sunana yake.
Nan?
Dirka biyu da sanda a gicciye,
ai wannan rabin rumfa ne!
Ba ni alƙalamin.
Yatsan nan da ya ci amanata ya zo ya riƙe.
Kar ki yi dariya in ta karkace,
rumfar farko da na kafa ma haka ta yi.