Dubu Uku da Ɗari Biyu

Daren Talata, a garejin Orval Tisdale,
bayan gidan burodi, can ƙarshen Toledo,
muka sauke motar daga kan jak.
Sabuwar kwambata tana ciki,
tukunyar mai tsakanin inji da giyabos,
faɗinta bai wuce faifai ba.
Tsohuwar, da inji ya yi gyaran murya ta kama.
Wannan ko kallonsa ba ta yi
sai ya hau dubu uku da ɗari biyu.

Ni ce a gefe, kwamfuta a cinya,
kakana a sitiyari, tabarau a goshi.
Ya taka totur a hankali.
Inji na kururuwa, mota na nawa,
kamar mai ratsa ruwa iya ƙugu.

Ƙwaƙwalwar giya ba ta san an yi baƙuwa ba.
Ta ga santsi, ta ce ciwo ne.
Ta shiga ta uku, ta yi nadama, ta koma ta biyu,
ta sake lalube.
A mil arba'in da biyar kulocin ciki ya kama,
mota ta ɗau makyarkyata,
kwabban da ke cikin kofi suka hau surutu.

"Lenora, me allonki ya ce?"
Na ce zafi ya haura ɗari biyu da ashirin.
Ya faka gefen gonar masara,
ya zaro sandar awo, ya shinshina,
ya goga a farin ƙyalle.
Ja ne tukuna. Bai ƙone ba.

Sai na shiga gidajen lissafi ɗaya bayan ɗaya.
Na jinkirta kamun kuloci zuwa hamsin da biyu.
Na ƙara wa mai matsi, kaɗan,
don gishiri in ya yi yawa ba a tsame shi.
Na gaya wa ta biyu ta shigo da wuri,
kafin inji ya buga kai da rufi.

Fita ta huɗu, ta yi muni.
Ta biyar, na manta ban adana ba.
Ya yi tsaki, bai ce komai ba,
ya ɓare min alewar na'ana'a da hannu mai baƙin mai.

Fita ta tara, sha biyu saura,
titi ba kowa sai fitila mai ruwan ɗorawa.
Ƙafar hagu a birki, ta dama a totur,
allura ta hau, ta hau, ta tsaya tana rawa.
Ya saki.
Kujera ta naushe ni a baya,
kwamfuta ta kusa tsere min.
Ta biyu ta shigo tsaf, kamar an rufe littafi.
Ta uku ma.

Bai yi murmushi ba.
Ya rage gudu, ya karkata kunne,
ya ce, "Tsakanin uku da huɗu akwai 'yar gardama."
Ni ban ji ba.
Na dai buɗe allon.