Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya

A bakin kogi ake samun sabis a Mai Wurno,
can inda nake shanya koma.
Nan ɗan maƙwabcina ya miƙo mini waya,
ya kau da kai, ya kama kallon ruwa.

Mutum goma sha biyu a durƙushe,
an ɗaure su da igiyar ɗinkin buhun dawa.
Na uku daga hagu Mudassiru ne.
Ba da fuska na gane shi ba, fuskar ta kumbura.
Da kunne na gane shi,
kunnen da ƙugiyata ta tsaga yana ɗan shekara bakwai,
ranar da uwarsa ta ƙi kula ni har magariba.

Kankana ya tafi kaiwa Madani.
Kankana, jama'a. Lodi guda, rabinsa ma bashi.

Wata murya daga bayan wayar ta ce, ku yi kukan tunkiya.
Suka yi.
Dattijon da ke gefensa ya yi, da furfurarsa.
Ɗana ya yi,
shi da ko sallama sai ka kasa kunne kafin ka ji.
Aka fashe da dariya. Wani takalmi ya shigo hoton, ya fita.
Sai wayar ta karkata ta kalli sama,
sama fes, ko shirwa babu,
ƙara ta biyo.
Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Na ƙirga, na sake ƙirgawa.

Bayan kwana uku hoton ya dawo da sabuwar riga,
an ɗora masa ganga, an rubuta da ja:
ga 'yan leƙen asirin da muka damƙe.
Mako bai cika ba ya sake dawowa,
wannan karon da ƙira'a mai sanyi da tuta a kusurwa:
ga shahidanmu, ku tashi ku rama.
Na farko sun yanke ƙarar harsashi.
Na biyu sun yanke kukan tunkiya,
wai bai dace da shahidi ba.
Mutuwar ɗana ta zama naman watanda,
kowa ya ɗauki kasonsa ya nufi kasuwa,
ni ko ƙashi ba a miƙo mini ba.

Wani saurayi ya zo, jallabiyarsa sai ƙamshi,
ya ce, Baba, riƙe hotonsa a ƙirji,
ka ce da bindiga a hannu ya faɗi, yana kare ƙasa,
in hawaye ya zo kada ka share.
Na zuba masa shayi. Na ce kankana ya kai.
Ya ce wannan ba wanda zai tura wa wani.
Ya naɗe kayansa, shayin ya huce a kofi.

Liman ya ce a mazhabarmu ba a sallar gawar da ba a gani ba.
Ya yi shiru, ya dube ni, ya ce mu yi sahu.
Mai bashin kankana ya tsaya kusa da ni,
da aka sallame ya ce ya yafe.

Uwarsa ba ta karɓi gaisuwa ba.
Ta ce wayar sama ta kalla, wa ya ga faɗuwarsa?
Kullum tana rufe masa kisra da faifai,
da safe ta ba yaran unguwa.
Ban musa mata ba. Da wace hujja?

Kakanninmu da ƙafa suka taso daga yamma,
suna neman gabas, suka yada zango a gaɓar nan.
Mun ɗauka tafiyar ta ƙare.

Yanzu in na jefa koma
dattijon nan nake tunani, na huɗu daga hagu.
Ban san sunansa ba, su ma ba su tambaya ba.
Tabbas a wata gaɓa akwai mai riƙe da waya,
yana tsallake ɗana da yatsa
don ya kai ga nasa.