Harafi Mai Ƙugiya

Ƙarfe biyar nake ajiye kwalin ƙarshe a sito,
in wanke hannu, in bi bas mai lamba biyu.
Kolumbus ta yi fari fat da dusar ƙanƙara.
Ni da jakata da burodin da ya kwana
sai kwalejin gari, hawa na uku,
ajin da injin ɗumamarsa bai taɓa yin shiru ba.

Shekarata arba'in da ɗaya.
Takardar akanta da na zo da ita daga Gusau
tana ƙasan akwati, cikin leda, ta yi laushi.
Yarinyar da ke damana sa'ar ɗiyata ce,
tana buga madannai kamar kaza ta samu tsaba.
Ni da yatsa biyu nake lalube,
ban kuwa ji kunya ba.

Ranar farko Malam Delgado ya rubuta a allo:
a nan daga sifili ake fara ƙirga.
Yara suka yamutsa fuska.
Na yi murmushi ni kaɗai.
Wanda ya sauka daga jirgi da akwati ɗaya
ba sai an koya masa wannan ba.

Na'urar nan ba ta da kara.
Ka manta waƙafi mai ruwa guda,
ta watso maka jan rubutu layi goma sha biyu,
babu sannu, babu yi haƙuri.
Amma ba ta taɓa ɗaga gira ta ce in maimaita
wai don ba ta gane harshena ba.

Sai aikin mako na shida:
rubuta manhajar da za ta tambayi sunan mutum, ta gaishe shi.
Abin wasa.
Na sa mata gaisuwarmu, na buga Ɗalha.
Ta ce: Sannu, ?alha.
Alamar tambaya tsaye ƙerere a gurbin harafina
kamar mai gadi ya tare ƙofa yana cewa, kai fa?
A katin aiki na haƙura da Dalha,
a banki haka, a lasin tuƙi haka,
shekara tara ina amsa sunan da aka yi wa aski.
Amma wannan da hannuna na gina ta.
Ita kam ba ta isa ba.

Dare uku.
Shayi ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa.
Sahura ta leƙo falo ƙarfe biyu:
Baban Nafi'u, gobe fa da aiki.
Na ce saura ƙiris.
Ta ce jiya ma haka ka ce.
Ta koma, ba ta kashe mini fitila ba.

Ashe kowane harafi da lambarsa.
Na bi jerin da yatsa kamar mai neman sunansa
a allon sakamakon jarrabawa,
na wuce na Turawa, na wuce waɗansu masu ɗigo a ka,
sai ga shi zaune, ɗari uku da casa'in da huɗu.
Wani da ban sani ba, a wani ofis mai nisa,
ya zauna ƙirga haruffan duniya, ya ƙirga da mu.
Gurbin yana nan tuntuni.
Layi ɗaya tak ne ban gaya wa na'urar ba.

Na rubuta shi. Na danna.

Sannu, Ɗalha.

Ƙugiyar ta leƙo ta hagu kamar karin hula.
Na ce, yawwa, sannu kadai,
da ƙarfi, a falo, ni da firji.
Na buga Ƙaura, garin Inna, ya fito.
Na buga ɓawo, na buga ɗanwake, na buga ƙuli-ƙuli,
duk abin da ya zo baki,
har kiran salla ya tashi a wayata.

Malam Delgado ya ba ni goma bisa goma,
ya rubuta, aiki mai tsafta.
Bai san abin da ya faru ba.