Dutsen da Ya Ƙi Nitsewa

Sallau ya dawo daga aikin jirgin ruwa,
ba turmin atamfa, ba agogo,
sai wani dutse mai huji-huji kamar saƙar zuma.
Na jefa shi a randa. Ya ƙi nitsewa.

Ya ce, "Baba, kumfar wuta ce ta daskare.
Can tsakiyar teku ƙasa ta yi amai,
dutse ya narke kamar dalma a kasko,
ya taras da ruwa yana huci,
ya sandare, wani ya hau kan wani,
har tudu ya leƙo sarari.
Tsuntsu ya kai iri cikin kashinsa.
Yau akwai kasuwa a wurin, da tuta,
da masu karɓar haraji."

Na yi shiru. Mu nan gefen Guri
ruwa ke yanka mana tsibiri:
kogi ya cika ya batse,
kacalla ta toshe hanya,
rumbu uku, masallaci, da akuyar Kuluwa,
duk a tudu ɗaya, muna jiran kwalekwale.

Na ce, "Dutsen nasu ya mutu?"
Ya ce, "Barci yake. A gindinsa suke noma,
tokarsa ta fi takin shanu."

Ban yi musu dariya ba.
Ni ma a bakin mai cinye ta
nake shuka shinkafata.

Yanzu dutsen yana hannun uwarsa.
Bayan la'asar takan zauna bakin rijiya,
wutar da ta haifi ƙasa guda
tana bin faso a diddigenta.