Mai Shara a Jeri na Tara

Tun kafin ƙararrawar haikali ta buga
nake ɗaure zanena in ɗauki tsintsiya.
Daminar Yangon ba ta sallama:
dare ɗaya gansakuka ta lashe harafi,
ciyawa ta hau kan suna kamar gadon ubanta.
Shekara ashirin da shida muna kokawa,
ita ba ta gaji ba,
ni gwiwata ta fara magana.

Sunana Sein Pe. Ban taɓa saɓa bindiga ba,
amma ina da runduna guda a hannuna,
kwance, sahu-sahu,
ba mai tari, ba mai neman izinin zuwa gida.

'Yata Nilar ta koya mini baƙaƙensu
da alli, a bayan farantin shayi.
Sai na fara gaishe su da suna,
harshena yana tuntuɓe, suna yi mini uzuri.
Ga Rennie, daga ƙasar da ruwa ke daskarewa,
sha tara kacal; jikana ya girme shi yanzu.
Ga Fazal Dad, kusa da bishiyar da ke zubar da fure.
Ga Tanko Argungu a ƙarshen jeri,
inda ruwa ke kwanciya, inda na fi daɗewa durƙushe.
Me suka ci da safe ran da abin ya faru?
Wa ya ɗinke musu maɓalli na ƙarshe?
Dutse ba ya faɗa.

Sau ɗaya a shekara manya kan zo da baƙaƙen motoci,
a busa ƙaho, a ajiye furanni ja,
a yi shiru na minti biyu.
Ni kuwa shirun sauran kwanakin nake tsaro,
ni da hankaki.

Kakana ma yaƙin nan ne ya ci shi.
Ba soja ba ne, manomin shinkafa ne.
Aka tasa ƙeyarsu zuwa daji shimfiɗa hanyar jirgi,
bai dawo ba, ko hularsa.
Kakata ta ajiye ƙwaryarsa a kife har ta rasu.
Shi ya sa dutsen nan marar suna, na huɗu daga bango,
nake goge shi sau biyu.
Kowa ke ƙarƙashi, na ara masa kaka,
ko shi ya ara mini.

Wata shekara, ana tsakiyar zafi,
wata tsohuwa ta zo da sanda da ɗan rakiya.
Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa.
Ta miƙo takarda da ta sha ninki har ta yi laushi,
na duba, na wuce gaba, ta biyo ni.
A gaban Tanko ta zauna a ƙasa,
ta daɗe tana ba shi labari,
har da dariya, har da faɗa,
irin na wadda aka bari a goye aka tafi.
Sannan ta kwance bakin mayafinta,
ta zuba ƙasa ja, cikin tafi ɗaya,
ta shafa, ta tashi, ba ta waiwaya ba.

Da ruwan farko ya sauka
sai ga wani tsiro da ban sani ba,
ganye siriri, kara a miƙe kamar mai fareti.
Dokar aikina ta ce a tuge.
Na kai hannu sau uku.

Na tone shi da saiwarsa, na kai bayan ɗakin kayan aiki.
Ya yi tsawo, ya fid da kai mai ƙananan ƙwayoyi,
tsuntsayen garinmu suka taru suna ci
kamar sun san shi tun da.
Na ɓoye tafi guda a gwangwanin shayi.

Duk shekara ina shukawa.
In ya nuna, nakan yanki zangarniya ɗaya
in ajiye a ƙarshen jeri na tara,
in ce: Tanko, tashi ka gani,
gidanku ya zo.